Ranar da Muka Sa Wa Ƙanina Rigar Coci

Ƙanina yana jan keke mai ƙafa uku tsakanin Romi da Barnawa kafin ciwon ya kama shi. Barci ne ya fara ƙaurace masa, sai magana shi kaɗai, har wata safiya ya ɓalle ƙofar ɗakinsa yana cewa ana biyo shi. Wata nas daga ƙaramin asibitin unguwarmu ce ta zo ta zauna da shi a ƙasa har hankalinsa ya kwanta. Daga nan kowace Alhamis takan zo gida, ta duba maganinsa, su yi hira.

Bayan kusan shekara, nas ɗin ta ce masu bincike za su zaga gidaje su ga ko wannan ziyara tana da amfani. Wanda suka rubuta ya warware, asibitin zai daina zuwa wurinsa, a koma kan wani.

Mama dai maganar baƙi kawai ta riƙe. Ta sa aka share tsakar gida, aka rataya labule a kan ƙofar da ta ɓalle, aka sa wa ƙanina rigar da yake zuwa coci da ita. A gidanmu ba a nuna wa baƙo ciwo. Ko mutum ba ya iya tashi, in an tambaya, da sauƙi ne.

Mai binciken wata Hajiya ce daga Tudun Wada. Ta zauna da takardunta, Mama ta ajiye mata kunun zaƙi.

"Malam, yaya jiki?" in ji Hajiyar, tana kallon ƙanina.

"Da sauƙi."

"Barci fa?"

Mama ta riga shi. "Wannan? Hajiya, sai an tashe shi da tsintsiya!"

Aka yi dariya. Ni kuwa na san kwana uku ke nan bai runtsa ba.

A lokacin ban daɗe da shiga ajin manya na koyon karatu ba. Takardar da Hausa take, kuma ina zaune kusa da ita. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, kamar yadda malaminmu ya koya mana, har na haɗa kalmar da bironta ya yi wa alama: ya warware.

Na bari har ta yi sallama, sannan na bi ta bakin ƙofar gida. Ban taɓa ƙaryata Mama a gaban baƙo ba.

"Hajiya, a yi haƙuri. Abin da kika sa wa alama, ba haka yake ba."

Ta tsaya tana kallona, sai ta yi dariya. "Baba, tun safe nake shiga gidaje, kowa da sauƙi. Har na fara zaton ni kaɗai ce marar lafiya a Romi."

Ta koma ciki, ta roƙi Mama ta ƙaro mata kunu. Da Mama ta fita, ta matso kusa da ƙanina. Ba ta sake tambayar jiki ba.

"Me ka ci jiya? Yaushe rabonka da hawa kekenka?"

Ya daɗe yana murza maɓallin rigarsa. "In na riƙe kan keken, hannuna rawa yake," ya ce. "Kuma ba na barci. Ba na son Mama ta damu ne."

Hajiyar ta soke abin da ta rubuta, ta sake cike shafin tun daga sama. Ta ce za ta gaya wa abokan aikinta su canza yadda suke tambaya.

Ba a cire ƙanina daga cikin waɗanda nas ɗin take ziyarta ba. A makon nan nas ɗin ta kai shi wurin likita, aka gyara masa magani, sannu a hankali barci ya dawo. Mama ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, wai na tona mana asiri a gaban baƙuwa. Na jira ta huce. Hajiyar kuwa ban sake ganinta ba, amma har yau ina gode mata da ta yarda ta ɓata takardarta mai tsabta saboda maganar mutumin da bai gama koyon karatu ba.