Zauren Gidan Kakanmu

Zauren gidan kakanmu a cikin garin Haɗeja ginin ƙasa ne, mai bakan gizo biyu, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa, da suka haɗu a tsakiyar rufi. Ko da bazara, in ka shigo daga rana, sai ka ji sanyin daɓe ya ratsa tafin ƙafarka. A nan manoman Auyo kan sauke buhunan shinkafa ranar kasuwa, su sha ruwan randa, su yi azahar tare da kaka kafin su wuce.

Duk shekara kafin damina akan yi yaɓe. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, gwaggo, yayar babanmu, ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, a tsohuwar tukunya don shafen bango. Har yau ban manta warinta ba.

Bayan rasuwar kaka da baba, yaɓen ya tsaya. Kowa ya kama gabansa, ni ma aikin koyarwa ya kai ni Kano. Daminar da kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a lungunmu, bangon gabas ya tsage. Yayana ya kira ni, na taho, muka zauna gaban gwaggo a zauren.

"Gwaggo, rushe shi za mu yi," in ji yaya. "Mu ja bulo, mu fitar da shaguna. In ya faɗa wa wani fa?"

Ta daɗe tana kallon rufin.

"Gaskiyarka, ɗana. Amma a nan aka ɗaura auren iyayenku, a nan aka raɗa muku suna, daga nan aka ɗauki ubanku. Ku gwada gyara sau ɗaya. In ya ƙi, ni da bakina zan ce ku rushe."

Neman magini ya ba mu wuya, don masu ginin ƙasa sun yi ƙaranci. Da ƙyar muka samo wani dattijo daga wajen Malam Madori. Ya zagaya, ya ce gindin bangon ne ruwa ya ci, rufin lafiyarsa lau. Aka tokare rufin da azara, aka fara aiki.

Ba mu gayyaci kowa ba, amma mutanen unguwa suka fito. Wani tsohon masunci ya ce a zauren ya sha fake wa ruwan sama, ya ɗauki shebur. Mata suka aiko da kunu. Yayana ya tsaya gefe hannu a aljihu, can sai na ga ya naɗe wando ya shiga kwaɓin, yana dariya kamar yaro.

Da aka gama, maƙwabcinmu, wanda har ya sayi siminti zai rushe nasa soron, ya shigo ya duba aikin. Daga baya ya ce wa maginin, "Baba, leƙo ka duba mini nawa."

Sauran gidajen lungun duk sun koma bulo da kwano. Zaurenmu da soron maƙwabcin ne kawai suka rage, ƙofa na kallon ƙofa.