Ranar da Kunu Ya Yi Bindiga a Filin Motoci

Lokacin zafi ne, irin wanda ko ruwan la'asar ba ya kashe shi. Shekarar kuma zaɓe ya cika ta. A gida an gama na gwamnoni, nan ƙasar masu Malayanci ma jihar da ke kewaye da birnin da muke tana shirin nata, duk titin da ka bi daga unguwar Taman Melati tutoci ne jere a kan gada da sandunan fitila. Kowa a ɗarare yake, masu gadi sun ƙara tsanani. A cikin wannan hali ne wata Laraba ta zo wadda har yau ba ta bar raina ba. Ku da kuka shigo aikin bayanmu kuna jin ana kirana Kak Bindiga ba ku san dalili ba, shi ya sa na ce bari in rubuta muku. Ku yi haƙuri da rubutun, ni ajin manya na yi bayan na haifi 'ya'ya uku.

Kamfaninmu na girki yana ƙasan wani dogon bene, muna kai abinci taruka da gidajen ɗalibai. Manajarmu Puan Rosnah ce. Puan kalmar girmamawa ce ga babbar mace, Encik kuma ga namiji, Kak kuwa kamar a ce Yaya ne ga mace. Ni ke kula da abincinmu na gida da abin sha. Direban motar kai abinci Malam Habu ne, ɗalibin digiri na uku mai taɓa aiki lokacin hutu. Benen yana da masu gadinsa, shugabansu Encik Zul. Filin ajiye motoci yana baya, a buɗe yake rana na dukansa, ƙofa ɗaya gare shi.

Dokar filin a rubuce take. In aka yi zargin makami a mota, za a rufe ƙofa, ba mai taɓa motar, shugaban gadi ya kira 'yan sanda. A ƙasar nan maganar bindiga ba ƙarama ba ce. Ɗalibi baƙo kuwa in sunansa ya haɗu da wannan kalma a takarda ɗaya, ko an wanke shi daga baya, sai makaranta da ofishin biza sun ji. Malam Habu saura masa mako uku ya kare bincikensa, matarsa kuma ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba.

Malam Habu mutumin kirki ne, amma akwai baki. 'Yan bindiga sun taɓa shiga ƙauyensu, suka kore shanun yayansa. Tun daga nan ba shi da zance sai a bar talaka ya riƙe bindiga ya kare gidansa. Yana cewa duk ɗan takarar gwamnan da ya yarda da haka, shi zai sa danginsa su zaɓa a zaɓe mai zuwa. Ba mu kaɗai yake gaya wa ba. Har ɗakin masu gadi yake zama da kofin shayi, yana yi musu bayani da Turanci cewa akwai jihohi a Amurka inda ma'aikaci ke ajiye tasa a mota a wurin aiki, ba mai ce masa komai.

Na sha ce masa, "Malam Habu, nan fa ba tashar garinku ba ce."

Sai ya ce, "Maman Safiya, ra'ayi ne. Ra'ayi ma sai an nemi biza?"

Ranar Larabar an yi odar kunun zaƙi gora arba'in don taron wasu ɗalibai. Tun safe aka loda, sai aka bugo cewa an ɗaga taron zuwa yamma. Aiki ya sha kanmu, ba wanda ya tuna ya sauke kunun. Bayan azahar na fita zubar da shara, ina wucewa ta bayan motar na ji fau! Na leƙa ta gilashi, na ga gora ɗaya ta tsage, kunu ya wanke rufin, sauran sun kumbura kamar za su yi magana. Malam Habu yana masallaci da makulli. Na ɗauko waya na rubuta masa a hankali, harafi bayan harafi, yadda na saba:

"Malam Habu, kada ka buɗe bayan mota a gaban mutane. Ɗaya ta yi bindiga, sauran ma za su yi bindiga."

Na koma kan tukunyata. Ashe ba shi na tura wa ba, zauren ma'aikata duka na cikin waya na tura wa. Puan ta ga Hausa, ta danna fassarar waya. Waya kuwa ba ta san gora tana yin bindiga ba, ba ta san taya tana yi ba. Bindiga ɗaya ta sani.

Bayan kamar minti goma na ji kicin ya yi tsit. Na fita na tarar an rufe ƙofar fili, an ja jan zare kewaye da motarmu. Malam Habu yana tsaye jikin bango, hula a hannu, masu gadi biyu a gefensa. Ya yi ta cewa kunu ne a motar, amma wa zai saurari wanda ya kwashe wata biyu yana yi musu wa'azin bindiga a mota? Encik Zul yana riƙe da wayarsa, Puan tana nuna masa tata.

Ta juyo ta ce, "Kak Binta, ke kika rubuta wannan?"

Na ce ni ce.

"Kin ga bindigar da idonki?"

Turancina na kasuwa ne, Malayancina ma haka. Amma na san in na yi shiru minti ɗaya, yatsan Encik Zul zai sauka a kan lambar nan. Na matsa kusa da shi, na rusuna kaɗan, na ce, "Encik, minti biyar. Boleh?" Wato, zai yiwu?

Ya ce doka ba ta ba shi minti biyar ba.

Na ce, "To, uku. Ba zan taɓa mota ba."

Ya dube ni. Shekara biyu ina gaishe shi kowace safiya, bai taɓa jin na ɗaga murya ba. Ya ce, "Uku."

Akwai leda a aljihun rigar aikina. Na hura ta, na murɗe bakin, na tafa ta da hannu, ta yi fau. Na ce, "Wannan, a yarenmu, bindiga." Sannan na lalubo wata kalma da na koya wurin mai sayar da ƙwai a kasuwar Chow Kit, wadda take faɗa in ƙwai ya fashe. Na ce, "Pecah, Encik. Botol pecah. Gora ce ta fashe."

Bai gamsu ba. Ya ce, "Waya ta ce bindiga."

Na roƙi Puan ta ba ni wayarta. Na rubuta "tayar keke ta yi bindiga", na miƙa masa. Ya karanta fassarar, ya ɗaga gira. Na sake rubuta "balan-balan ɗin yarinya ta yi bindiga". Puan ta leƙa, na ga ta danne bakinta da gefen mayafi. Sai na tsuguna a bakin jan zaren, na nuna musu ƙarƙashin motar. Farin ruwa yana ɗiga daga ƙofar baya, tururuwa har sun yi layi.

Ana cikin haka wata gorar ta tashi. Fau! A cikin rufaffiyar mota ƙarar ta fi ta farko. Masu gadi biyu suka kwanta a ƙasa, Puan ta ɓuya bayan ginshiƙi, shi kansa Malam Habu mai neman a raba wa jama'a bindiga ya dafe kai ya durƙusa. Ni kaɗai na rage a tsaye, ba don jarumta ba, don na san kununa. Na nuna gilashin baya, inda sabon kunu ke gangarowa a hankali.

Na ce, "Saura talatin da takwas, Encik."

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya sa wayarsa a aljihu. Ya karɓi makulli, ya ce kowa ya ja baya, shi zai buɗe da kansa, Puan ta zama shaida. Yana ɗaga ƙofar tsamin ya buge shi, ya juya kai yana tari. Duk da haka bai yi wasa da aikinsa ba. Ya duba ƙarƙashin kujeru, ya duba akwatin gaba, ya ɗaga tayar ajiya. Da ya gama ya buɗe littafin gadi, ya rubuta a gabanmu cewa abin sha ya lalace a mota saboda zafi. Bai sa sunan kowa ba. Ya sa aka buɗe ƙofar fili.

Ya dubi Malam Habu ya ce, "Ra'ayinka naka ne. Amma daga yau in ka zo shan shayi, mu yi hirar ƙwallo kawai."

Malam Habu ya zo inda nake, idonsa jawur. Ya ce, "Maman Safiya, ke kika jefa ni, ke kika ciro ni. Ban san ko in gode ko in yi ƙara ba."

Na ce, "Ka ɗauko bokiti da tsumma tukuna. Mai neman bindiga ai ba ya tsoron wanke ta."

Ya kare bincikensa a kan lokaci, yanzu yana koyarwa a gida, kuma na ji har yau bai sauya ra'ayi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wurin aikin da yare ya kai huɗu, kalmar da ka sani tun kana goye tana iya zama wata aba a kunnen maƙwabcinka. Ku duba wa kuke tura wa saƙo kafin ku danna. Kada kuma ku ɗauki mai gadi abokin gaba. Encik Zul dokarsa yake bi, kuma da a ce makamin gaske ne, mu zai tsare. Abin da ya ba ni minti ukun nan ba iya magana ba ne, gaisuwar shekara biyu ce.

Washegari na riga kowa zuwa. Na dama sabon kunu, na sa shi a ƙanƙara, na kai gora ɗaya ɗakin masu gadi. Encik Zul ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya murɗa murfin a hankali, yaransa suna ja da baya. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya tambaya ko za a samu biyu ya tafi wa matarsa da su. Na ce za a samu, amma kada ya bar su a mota.