Barangiyawa Biyu a Panyu

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kano, ni da gwiwoyina masu ciwo. Wannan karon ba sarin kaya ya kai ni birnin Guangzhou na China ba. Mutum na je ɗaukowa.

Shekarun baya mu huɗu muka fara sauka a unguwar Sanyuanli, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Muka ɗora hannu a kan tiren shinkafa muka yi alkawari: ba mai komawa gida ya bar ɗan'uwansa a China. Biyu sun rasu a gida. Saura ni da abokina na Maraɗi, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a Panyu, can kudancin birnin, kunya ta hana shi komawa hannu wofi.

Sanyuanli ta canza. Shagon da muke cin taliya da naman rago ya koma na sayar da waya. Kuɗin tasi kuwa, sai da na yi salati.

A jirgin ƙasa zuwa Panyu na zauna kusa da wani dattijo ɗan Rasha mai sarin riguna. Da Turancina na aji huɗu na ba shi labarinmu. Ya ce ashe mu Barangiyawa ne. Na ce a'a, ni Bakano ne. Ya yi dariya, ya ce fatake ne na zamanin da, daga ƙasashen ƙanƙara na arewacin Turai, masu bin koguna har Istanbul, wasunsu ma suka zama dogaran sarkin can. Ma'anar sunan kuwa, mutanen da suka rantse wa juna.

Na iske abokina a kujera, ya rame.

"Alhaji, ka tsufa," in ji shi.

"Kai fa, ango?"

Na gyara hula na zuba masa tarihin Barangiyawan nan kamar farfesa.

"Ƙarya kake. A hanya ka ƙirƙiro su."

"To, masu kwale-kwale ma an san su da alkawari. Mu masu jirgin sama za mu kasa?"

"Me zan kai wa iyali?"

"Kanka."

Ya waiga ya dubi 'yan kayansa. Can ya ce, "Miƙo min butata, mu fara haɗa kaya."

Da muka sauka Kano ni na tura shi a keken guragu. A gida uwargidana Hajiya ta zazzage jakata, ba atamfa, ba takalmi. Na ce mata tafiyar nan ta koya min abu ɗaya: shekara da shekaru ina ɗauko kaya daga China, sai yanzu na ɗauko abin da na bari.