Takwaran Malam Mas'udu

Malam Mas'udu mutumin Haɗeja ne, aikinsa gwajin jini a wani asibiti a Doha. Tun da matarsa Atine ta rasu, shi kaɗai yake dafa shayinsa a gidansa na unguwar Mesaimeer, shi kaɗai yake sha. Da yamma sai ya tafi bakin teku, Corniche, wai motsa jiki, alhali zama kawai yake yi yana kallon jiragen katako.

Ɗansa ɗaya tilo, Muhsin, sun same shi ne bayan sun fid da rai da haihuwa. Atine ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, Kyauta take ce masa. Karatu ya kai Muhsin Italiya, aure ya riƙe shi can.

Da matarsa 'yar Italiya ta haifi namiji, saƙo ya zo cewa Donato ake kiran yaron. Malam ya yi murmushi. Ai a gida haka ake yi: in an sa wa yaro sunan kakansa, bakin iyaye ba ya iya faɗa, sai su sakaya da Abba ko Halifa. Ya ce Muhsin na Turawa ya samo, amma bai mance tarbiyya ba. Ya yanka rago, ya sayo dabino a kasuwar Abu Hamour, ya bi mu, abokansa Hausawan Doha, ɗaya ɗaya bayan sallar Juma'a yana cewa an yi masa takwara. Rabona da in ga haƙoransa a waje haka tun Atine na da rai.

A ranar, da la'asar, Muhsin ya kira ta bidiyo, jariri a kafaɗa.

"Ɗago mini Mas'udu ƙarami in gan shi," in ji Malam.

Muhsin ya ce, "Abba, ba sakayawa muka yi ba. Donato ne sunansa na yanka. Sunan mahaifin matata ne da ya rasu bara, tsohon suna ne a Italiya da Sifen."

"Me yake nufi?"

"Abin da Allah ya ba mutum. Kyauta. Shi ya sa na yarda, Abba. Haka Umma take kirana."

Malam ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan. Allah ya raya mana shi."

Ni kaɗai ya gaya wa, muna zaune a Corniche, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Ya ce suna ne mai kyau, ba shi da abin cewa. Sai dai mamata biyu sun samu rabonsu a ciki, shi da yake raye ne bai samu ba.

Har yau in aka fito masallaci, mutane sukan ce masa, "Malam, yaya takwara?"

Sai ya ce, "Yana nan lafiya, yana ta girma."