Wurin da Aka Goge a Kaset Ɗin Inna

Shekarun da muka yi a unguwar Lewisham, can ƙasar Turawa, kaset ne ke haɗa ni da Inna. Yayana ke ɗaukar muryarta a Kano, ya ba matafiyi, a miƙa wa maigidana ranar Juma'a a masallacin Regent's Park. A kicin nake saurare ina girki, zakaran gidanmu na katse ta, ita kuwa tana jero mini wanda ya haihu da wanda ya yi aure.

Ina da tsohon cikin ɗiyata ta fari aka yi ta nuna wa a talabijin tarihin shugaban Amurkan nan da ya yi murabus. Maigidana mayen siyasa ne, ya hana ni sakat da bayani. Wai yaran shugaban sun fasa ofishin 'yan adawa, shi kuma ya yi ta rufa-rufa, alhali duk maganar da ake yi a ofishinsa ana ɗauka a kaset. Da aka tilasta masa ya miƙa, sai aka tarar an goge wani wuri, sakatariyarsa ta ce kuskure ne. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce wannan ƙarya ko yaron goye ba zai yarda da ita ba.

Dariyar ba ta je ko'ina ba, don kaset ɗin Inna na makon nan ya faɗo mini a rai. A tsakiyarsa ta ce, "Sai dai fa, 'yar nan, tun bayan salla..." daga nan sai shuuu, can ta dawo tana gaida maigidana.

Washegari na buga waya ofishin Yaya. Ya ce batir ne ya yi sanyi, Inna lafiyarta ƙalau. Na ce batirin da ya san inda zai mutu ya kuma san inda zai farfaɗo? Ya ce dama ni tun ina ƙarama akwai neman magana. Na tubure sai na yanki tikitin tafiya gida, likita ta ce ba jirgin da zai ɗauke ni a haka.

Inna ta rasu ana gobe suna.

Da na je gida da jaririya a baya na tsare Yaya a zaure, a shirye nake in ci mutuncinsa. Bai musa cewa shi ya goge ba.

"Cewa ta yi jikin ya ƙi, tana son ta gan ki," in ji shi. "Da na mayar mata ta ji, sai ta ce, goge, kar ta taso da cikin nan."

Wancan shugaban don ya tsira da kujerarsa aka goge nasa. To ni wa zan kama? Kaset ɗin yana nan a wurina, kuma wallahi ina kewarta har gobe. Idan na sa shi ya zo wurin shirun nan ba na tsallakewa, zama nake yi in saurara har ta dawo.