Goggo ta gaji da ziyara

A wata gonar dabino a unguwar Awali ta Madina Goggo Hajara ta zauna a kan kwandon dabinon ajwa, ta cire takalmi. Ƙafafunta sun kumbura.

Ƙanwar babana ce, ta zo Umara. Da yake ina karatu a Madina, 'ya'yanta ni suka ɗora wa ita, kullum suna waya a turo hoto. Tun safe muke yawo, masallacin Kuba, dutsen Uhudu, ga rana. Ni ma na galabaita.

Na ce, "Goggo, daure. Saura unguwar Anbariyya mu sayi carbi da sallaya, sai ki ɗanɗana shinkafar bukhari."

Ta ce, "Ɗan nan, shinkafa a Kano ta ƙare ne? Wurin Manzon Allah (SAW) na zo, amma tun da na sauka ba ku bar ni na zauna kusa da shi ba."

Na mayar da ita Harami, masallacin Annabi, na kashe waya. Tsarabar ni kaɗai na sayo.

In kun kawo tsohuwa Madina, ku fara tambayarta me ya kawo ta. Ko naku ma haka kuke gajiyar da su?