Kada Ka Sa Hannu Sai Tanti Radiyya Ta Zo

Ƙarfe shida da rabi na safe, duk mai shayin da ke bakin titi a unguwar Bromakoté ta birnin Abidjan ya san yanzu Tanti Radiyya za ta ɓullo, jakar fata a kafaɗa, wayoyi biyu a hannu. Ɗaya tata ce, a ciki take jin muryar jikokinta. Ɗayar, tsohuwa mai maɓallai, ta jama'a ce, kuma shekara goma sha takwas ba ta kashe ta ba, ko a gidan suna, ko a gadon asibiti. Takan shiga gbaka, ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar Adjamé, daga nan ta kama wata motar ta haye gada zuwa Treichville, inda take da ɗaki guda a saman shagon wani mai tayoyi. Kafin ta kurɓi kofi ta buɗe kabad, ta zaro fayil, ta soma kira.

"Alhaji, ina kwana? Saura wata biyu takardarka ta mutu."

"Hajiya, bari in dawo daga tafiya."

"Haka ka ce mini bara. Gobe ƙarfe tara ina jiran ka da hotuna huɗu."

Radiyya Idris ba lauya ba ce, kuma ita ce ta farko da za ta gaya maka haka. Sakatariya ce, haifaffiyar Abidjan, ta yi makarantar Faransanci har ta iya rubutun da jami'i ba ya iya kushewa, Hausar gidansu kuma ba ta zube mata ba. Ita ta kafa Ƙungiyar Inuwa, ta 'yan kasuwar da hukuma ta ba takardar izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a jikinsu: dillalan albasa, masu shanu, masu zinariya, mutanen da sana'arsu ta sa ɓarayi suka san fuskarsu. Kowa yana ba da jika uku na sefa a wata. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa mutum, lauya zai zo masa nan take, ba ciniki, ba a ce sai an sayar da wani abu tukuna.

Abin ya samo asali ne daga gidansu. Yayanta Harisu yana sayar da atamfa a Bracodi, yana da bindiga da takardarta. Wata rana aka tare motar da yake ciki, aka ga bindigar, takardar kuwa tana gida. Bai harbi kowa ba, bai ko fito da ita ba. Aka miƙo masa wani rubutu da bai iya karantawa ba, ya sa hannu don a bar shi ya tafi. Wata goma sha ɗaya ya yi a tsare. Kafin a sami lauya shago ya tafi, kafin kotu ta wanke shi lafiyarsa ta tafi. Radiyya ce ta bi shari'ar daga wannan ofis zuwa wancan, har lauyan da ya tsaya musu a ƙarshe, Metir Faruk, ya ɗauke ta aiki. Shi ne ya ce mata da an kira shi ranar farko, da Harisu a gida ya kwana. Maganar nan ta tsaya mata a ƙirji.

Da ta kai wa dattawan 'yan kasuwa shawarar kafa ƙungiyar, ba su karɓa da daɗi ba. Wani tsoho ya ce, "Yarinya, mu biya kuɗi kan masifar da ba ta zo ba? Ai kiran ta ke nan."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, tirelarka tana da asirans, inshora ke nan. Haɗari kake kira?"

Aka yi dariya, tsohon ma ya yi. Mutum tara suka shiga ranar. Yau sun haura ɗari huɗu.

Amma labarin da ake ta yi a Treichville har yanzu, wanda in an soma shi mai awo yakan manta da sikeli, shi ne na Alhaji Saminu dillalin albasa.

Ranar Laraba ce, cikin daminar bara, bayan azahar. Alhaji yana ƙofar sitonsa a unguwar tashar jiragen ruwa, direbansa Abdurrashid ya fito riƙe da jakar cinikin ranar. Sai ga mutum biyu a kan babur. Na bayan ya diro da adda ya sari Abdurrashid a hannu, jakar ta faɗi. Alhaji ya daka tsawa. Mutumin ya juyo kansa da addar a sama. Alhaji ya zaro bindiga ya harba sau ɗaya, ya same shi a cinya. Mai babur ya tsere.

Alhaji ya tuna abin da Tanti take nanata musu a kowane taro. Ya ajiye bindigar a ƙasa ya taka ta da ƙafa, ya hana jama'a taɓa wanda ya faɗi, ya sa aka kira motar asibiti. Sannan ya juya katin ƙungiya ya buga lambar da ke bayansa.

"Hajiya, na harbi mutum."

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

"Alhamdu lillahi. Ka bi 'yan sanda, ka ba su girmansu, kada ka yi gardama. Amma Alhaji, kada ka sa hannu a komai sai na zo."

Tana Adjamé lokacin, wajen wani da za a sabunta wa takarda. Ta kira Metir Faruk, aka ce yana gaban alƙali, sai ya fito. Ta faɗa mota, motar ta zo bakin gada ta tsaya cik, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga motoci jere har inda ido ya tsaya. Minti goma ba a motsa ba. Me Tanti ta yi? Ta sauka! Mace mai shekara hamsin da tara, mai ciwon gwiwa, ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu, ta zaro fayil ɗin Alhaji, wanda yake jakarta tun da aka sabunta masa takarda, ta cusa cikin riga don kada ya jiƙe, ta taka gadar nan da ƙafa. Direbobi na leƙowa suna ce mata, "Yako, Maman!" wato sannu, Mama, ita kuwa ko waiwaye.

Ta isa komisariya, ofishin 'yan sanda, ruwa na zuba daga mayafinta. Ta ƙofar da ke buɗe ta hango Alhaji a zaune, an riga an buga bayaninsa, biro yana hannunsa. Faransancin Alhaji na kasuwa ne, na lissafin buhu, saboda haka an samo wani maƙwabci haifaffen birnin ya yi tafinta. Sun ce masa sa hannu kawai ya rage, shi kuma ya gaji, ya ga an daɗe.

"Alhaji!" ta ce da ƙarfi. "Ajiye biron nan!"

Jami'in da ke karɓar bayanin ya ɗago a fusace ya tambayi ko ita wace ce. Ta gaishe shi da Faransanci mai ladabi, ta ba shi haƙuri kan ɗaga murya, ta ce ita ba lauya ba ce, amma lauyansa na hanya, ga kwafin takardar izinin bindigar, ga shaidar sabuntawa ta watan jiya. Ta roƙi a jira. Jami'in ya duba takardun, ya dubi ƙafafunta da ba takalmi, ya nuna mata benci.

Da Metir Faruk ya iso ya karanta bayanin, sai ya kira ta gefe ya nuna mata layi ɗaya. An rubuta cewa mutumin ya juya baya, sannan Alhaji ya harba.

Radiyya ta dubi Alhaji ta ce, "Me ka ce musu? Faɗa mini da Hausa yadda ka faɗa."

"Na ce ya juyo da adda."

"Ya juyo, ko ya juya?"

"Ya juyo, Hajiya! Kaina ya yo!"

Tafintan ya dafe kai. Bawan Allah ba mugunta ya yi ba, Hausarsa ce ta yi ƙaranci, bai ji bambancin ba. Harafi ɗaya ne tsakanin mai kare ransa da mai harbin wanda ke gudu, kuma saura ƙiris Alhaji ya sa hannu a kan na biyun. Aka sake ɗaukar bayanin daga farko.

Duk da haka ba a sake shi ba, domin maganarsa ce kawai, Abdurrashid kuwa ya ce shi yana ƙasa lokacin, bai ga komai ba. Mutum ɗaya ne ya ga abin tun daga farko har ƙarshe: Awwalu mai sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar siton. Shi kuma ya kwashe tukwanensa ya ɓace.

Washegari Tanti ta bi sawunsa. Ta tambayi mai kawo masa kifi, mai kifi ya tura ta wajen mai aceke, wadda take kawo masa dambun rogon, ita kuma ta ce a duba gidan kawunsa a Bracodi. Can ta same shi a tsakar gida, ya yi tagumi.

"Tanti, ni fa mai soya kifi ne," in ji shi. "Ina da 'ya'ya uku a gida. Shiga komisariya ba wuya, fitar fa?"

"Ka ga abin da ya faru?"

"Na gani."

"Alhaji ya harbi mai gudu?"

"Wallahi a'a. Da bai harba ba, da yanzu an yi jana'izarsa."

"To shi ma yana da 'ya'ya, Awwalu. Ba zan ce ka ƙara kalma ba, ba zan ce ka rage ba. Da ni za ka shiga, da ni za ka fito. In suka riƙe ka, sai su haɗa da ni."

Ya tashi ya ɗauko hularsa. Awa biyu suka yi a ciki, suka fito tare kamar yadda ta ce. Takardar likita ta zo ta tabbatar harsashin ta gaba ya shiga. Kwana na huɗu Alhaji Saminu ya fito, bayan wasu watanni kuma aka rufe maganar. Ranar da ya fito, zo ka ga Treichville! Leburori na buga jarka, mata na guɗa, Abdurrashid da hannu a naɗe yana rawa. Alhaji ya aika wa Tanti buhu goma na albasa. Ta ɗauki kwano ɗaya ta rabar da saura, har mutanen layinsu suka yi mako suna ce mata ta sa su kuka ba gaira ba dalili.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ta je asibiti ta duba wanda aka harba. Ta sami mahaifiyarsa a bakin gado, ta zauna kusa da ita, ta nuna mata ofishin da za ta je a samo wa ɗanta lauya shi ma. Wasu 'yan ƙungiya suka ji haushi. Ta ce musu, "Laifinsa yana gaban alƙali. Uwarsa ba ta sari kowa ba."

Kuma kada wani ya ɗauka Inuwa mafakar masu fariya ce. Akwai attajirin da ya ɗaga riga ya nuna wa wani direba bindiga kan rigimar wurin ajiye mota. Ya kira Tanti yana taƙama. Ta sa aka tsaya masa a wannan shari'ar tunda alkawari ne, tana ƙarewa ta tara shugabanni aka karɓe katinsa, duk da shi ne ya saya musu kujerun ofis.

Tanti Radiyya, ke ce kika koya wa manyan alhazai cewa faɗin "ban gane ba" a gaban hukuma ba abin kunya ba ne. Ke ce kika zauna a bencin da kowa ke gudu, babu baƙar rigar lauya a jikinki, babu sunanki a ƙasan ko takardar hukunci ɗaya. Garkuwar mai gaskiya, sannu da aiki!

Ranar Asabar da ta wuce aka yi taron sallamarta, domin gwiwar ta ce ta gaji da hawa bene. Rumfa uku aka kafa, ba su isa ba. Aka yi ta jawabi ana lissafa mutanen da ta fitar. Da aka miƙa mata lasifika, ta ce, "Kun yi ta ƙirga waɗanda suka fito. Ni ba su nake ƙirgawa ba. Shekara goma sha takwas, mutum ɗari huɗu da bindiga a ƙugu, bakwai kawai suka taɓa harbawa, kuma ba mu kashe kowa ba. Ku riƙe mini wannan."

Sai kabbara ta tashi.

Mun gode, Tanti. Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa ki huta cikin jikokinki. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka sha Faransanci a makaranta, kada ku bar Hausarku ta zube. Gobe wani dattijo zai zauna gaban takardar da bai iya karantawa ba, biro a hannunsa. Ɗayanku ya zo ya tsaya kusa da shi.